Babi na Shida: Jakar Mai Hoto

Mai koyon ɗaukar hoto tambayarsa ɗaya ce kullum: wace kyamara zan saya? Waɗanda suka daɗe a sana'ar kuwa, in suka haɗu a wurin biki ko taro, ba kasafai suke tsayawa kan kyamara ba, jakar juna suke leƙawa. Jakar mai hoto kamar zabirar wanzami ce, askar da kowa ke gani ba ita kaɗai ce a ciki ba, kuma daga yadda aka jera kayan ake gane ko mai ita ya iya aiki. Duk abin da ka gani a jakar tsohon mai hoto, komin ƙanƙantarsa, akwai dalilin da ya sa ya shiga, kuma yawanci dalilin yana komawa ga mutumin da zai zauna a gaban kyamara: yadda fuskarsa za ta fito, da yadda hankalinsa zai kwanta har ya bari a ɗauke shi. Mai ɗaukar hoton tsuntsaye ko ƙwallon ƙafa yana shirya jakarsa ne don ya cim ma abin da ke gudu. Mai hoton mutum ba ya bin kowa da gudu, mutumin yana nan zaune, ya yi wanka ya sa kayansa masu kyau, yana jiran a fito da shi yadda yake so 'ya'yansa da jikokinsa su gan shi.

Batun kyamarar kanta ba ya buƙatar dogon bayani. Kusan duk kyamarar da ake canza wa gilashi, wadda Canon ko Nikon ko Sony ko Fujifilm suka ƙera cikin shekaru goman da suka wuce, ta isa ta fitar da hoton da za a rataye a falo. Abin da mai aikin kuɗi yake dubawa biyu ne. Yana son kyamara mai ramin kati biyu, yadda kowane hoto zai sauka a wuri biyu lokaci guda, in kati ɗaya ya lalace ɗayan yana nan. Yana kuma son kyamara ta biyu a jaka, ko da tsohuwa ce, domin ba a sake ɗaura aure saboda kyamarar mai hoto ta ƙi tashi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Gilashin da ake ɗaura wa kyamara shi ne inda ya kamata a tsaya. In ka buɗe jakar masu hoton fuska a ko'ina a duniya, da wuya ka rasa gilashi mai lamba 85mm ko na kusa da shi. Mutane da yawa sun ɗauka gilashin ne yake gyara fuska. Abin da ke gyara ta, ko ya ɓata ta, shi ne nisan da ke tsakanin kyamara da mutum. In kyamara ta matso dab da fuska, hanci ya fi kunnuwa kusa da ita nesa ba kusa ba, sai hancin ya kumbura, kunnuwa su ja baya, goshi ya yi tudu. In aka ja baya kamar taku uku, bambancin tsakanin hanci da kunne ya zama kaɗan in aka kwatanta da duk nisan, sai fuska ta koma yadda ido ya saba ganinta. A shekarar 2018 mujallar likitoci ta JAMA Facial Plastic Surgery ta buga wani lissafi da ya nuna cewa hoton da mutum ya ɗauki kansa daga nisan santimita 30 yana ƙara wa hanci faɗin da ya kai kusan kashi 30 cikin ɗari, amma daga nisan mita ɗaya da rabi wannan kumburi yana ɓacewa. Wannan ne ya sa mutane da yawa suke ƙin hoton da suka ɗauki kansu da waya ba tare da sun san abin da ya ɓata shi ba. Aikin 85mm shi ne ya bar mai hoto ya tsaya a nisan mita biyu ko makamancin haka, amma kai da kafaɗu su cika hoton. Fitaccen hoton yarinyar nan 'yar Afganistan mai koren ido, wanda Steve McCurry ya ɗauka a sansanin 'yan gudun hijira kusa da Peshawar a 1984, da gilashi mai lamba 105mm aka ɗauke shi, a kan kyamarar Nikon FM2.

Wannan nisa yana da wani amfanin da littattafan koyon hoto ba su cika ambata ba, ga shi kuwa a wurinmu ya fi na lissafi muhimmanci. Taku uku shi ne nisan ladabi. Dattijo ba ya jin daɗin a kai masa ƙarfe bakin hanci, matar aure ma haka, balle amaryar da kunya ta riga ta rufe. Daga taku uku kuwa muryarka tana isa ba sai ka ɗaga ta ba. Kana iya cewa, "Baba, a ɗan ɗaga haɓa kaɗan," ko "Hajiya, a ɗan juyo wajen taga," a ji ka, ba wanda ya takura.

Sai dai ɗakunanmu ba duka ke da wurin ja da baya ba. Ɗakin amarya da gado da kujeru da kabad suka cinye, ga ƙawaye cike, ba inda za ka sami mita biyu. Shi ya sa 85mm ba ya tafiya shi kaɗai. Abokin tafiyarsa 50mm ne, wanda mai buɗewa f/1.8 yake cikin mafi araha a duk gilasan kyamara, nauyinsa kuma bai kai rubu'in kilo ba. Wasu suna ƙara 35mm don hoton mutum a wurin aikinsa, maƙeri a maƙera ko malami a tsakiyar littattafansa, inda wurin yake cikin labarin. Akwai kuma babban gilashin nan 70-200mm mai f/2.8 da ake gani a wuyan masu hoton biki. Yana da kyau ƙwarai, amma tsofaffin samfurinsa sun kai kusan kilo ɗaya da rabi, kuma wanda ya yini da shi a wuya ya san abin da ya ɗauka. A ganina, wanda zai ɗauki mutum ɗaya a zaune ba ya buƙatarsa. Na sha ganin matasa sun tara kuɗi sun saye shi don girmansa ya sa a ɗauke su da muhimmanci a wurin taro, alhali ba su da ko faifan haske na kuɗi kaɗan. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Akwai wani yayi da ya kamata a yi magana a kansa. Waɗannan gilasai suna iya buɗewa sosai, su narkar da duk abin da ke bayan mutum ya zama hazo, kuma masu hoto na yanzu sun kamu da son wannan. Amma in aka buɗe 85mm har f/1.8 a kusa, abin da zai fito tas bai wuce kaurin 'yan yatsu ba. Ido zai fito, kunne ya dushe. A ƙasar da mutum ke zuwa hoto da riga mara ado wannan ba komai ba ne. Mu kuwa mutum yana zuwa da hula zanna bukar da aka yi makonni ana ɗinkawa, da aikin wuyan riga, mace da ɗaurin ɗankwali da sarƙa da lallen da aka kwana ana zanawa. In ka narkar da waɗannan ka zubar da rabin abin da ya kawo. Rufe gilashin zuwa f/4 ko f/5.6 yana dawo da su, kuma in mutane biyu ne ko uku a hoton, dole ne ma a rufe, in ba haka ba ɗaya ya fito ɗaya ya dushe.

Haske shi ne ya fi cin wuri a jaka, kuma a nan ne mai ɗaukar baƙar fata yake da aikin da ya fi na wasu. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara bai san abin da yake kallo ba. An gina shi ne ya ɗauka cewa duk abin da ke gabansa, in aka gauraya, zai ba da launin toka matsakaici. To ka tsayar da Alhaji da farar shadda fes, babbar riga ta cika kashi uku cikin huɗu na hoton. Kyamara za ta ga fari ya yi yawa, ta rage haske don ta mayar da rigar toka-toka, fuskar da dama ta fi rigar duhu sai ta nutse gaba ɗaya, a ga riga da hula da haƙora. In kuma ka ƙara haske don fuska ta fito, rigar ta ƙone, aikin da ke jikinta ya ɓace. Duk wanda ya taɓa duba tsofaffin hotunan Sallah na gidansu ya san wannan hoton.

Matsalar tana da tarihi. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak yana raba wa wuraren wanke hoto wani kati mai hoton farar mace, wanda aka fi sani da katin Shirley, da shi ake daidaita launin injin wanki. Wato farar fata ce ma'auni, sauran fatu kuma su sami abin da suka samu. Lorna Roth, malama a Jami'ar Concordia da ke Montreal a Kanada, wadda ta yi bincike a kan wannan ta buga a 2009, ta nuna cewa cikin abin da ya tura kamfanin ya gyara yadda fim ɗinsa ke fitar da launin ƙasa-ƙasa har da koken masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda tallarsu ba ta bambanta katako mai duhu da mai haske. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da kati mai mata uku masu launin fata daban-daban. Kyamarorin yanzu sun fi fim ɗin da iya riƙe duhu da haske a hoto ɗaya, amma har yau gyaran na gaskiya a hannun mai hoto yake, kuma a jakarsa yake ɗauke da shi.

Na farko shi ne faifan haske, wani zagayayyen kyalle mai bakin waya da ake murɗewa ya koma kashi ɗaya cikin uku na girmansa. In aka warware shi faɗinsa ya kai kusan mita ɗaya. Yana zuwa da riga mai fuskoki huɗu, fari da azurfa da zinariya da baƙi, a ciki kuma akwai wani farin kyalle shara-shara da haske ke ratsawa. Ba ya cin batir, ba ya lalacewa, kuma ban san wani abu a jakar da ya kai shi amfani a kan kuɗinsa ba. Ka zaunar da mutum a inuwar zaure ko gindin bishiya, yaro ya riƙe faifan daga inda rana take, ya karkata shi a hankali. Za ka ga hasken yana hawa daga ƙirji zuwa haɓa, ya shiga ƙarƙashin hula ko rawani inda inuwa ta rufe ido, sai wani ɗan ɗigon haske ya bayyana a ƙwayar idon, fuskar ta farka. Tazarar da ke tsakanin farar riga da fuska ta ragu ke nan, kyamara ta iya riƙe su duka. Fari ya fi taushi. Azurfa ta fi ƙarfi, amma da rana tsaka tana kashe ido har mutum ya riƙa runtsewa. Zinariyar kuwa ina ba da shawarar a yi hattara da ita, domin sau da yawa tana mayar da baƙar fata ja-ja kamar ba ta mai ita ba. Idan ba inuwa ko kaɗan, sai a zare rigar faifan a ɗaga shara-sharan a kan mutum, ya tace ranar.

Bayan magariba ko a cikin ɗaki sai fitilar kyamara. Ƙa'idarta ɗaya ce: gwargwadon faɗin inda haske ke fitowa, gwargwadon taushinsa. Fitilar da ke kan kyamara bakinta bai fi tafin hannun yaro ba, in ta bugi fuska kai tsaye sai ta bar farin tabo a goshi da kan hanci, sauran fuskar ta yi duhu, ga baƙar inuwa a bango. Saboda haka masu sana'a suke ɗaukar farar laima da sandar tsayar da ita da ɗan abin da ke kunna fitilar daga nesa. A sauke fitilar daga kan kyamara, a kai ta gefe, a harba ta cikin laima. Baƙar fata tana son irin wannan haske mai faɗi, domin sheƙin da yake shimfiɗawa a kunci da goshi shi ne yake fitar da siffar fuskar. In ba laima, ana iya harba fitilar sama ta dawo daga silin, muddin silin fari ne.

Launi ma yana da nasa rikicin. Rumfar biki ja ko shuɗiya tana zuba launinta a fuskar duk wanda ke ƙarƙashinta, haka fitilun ɗakin taro masu shunayya da kore. Maganin ɗan kati ne mai launin toka da bai fi tafin hannu ba. A ba mutum ya riƙe a gefen fuskarsa a ɗauki hoto ɗaya, daga baya a nuna wa kwamfuta cewa wannan toka ce, ta daidaita sauran hotunan a kansa.

Daga nan sai kayan da ba na kyamara ba, waɗanda a kansu ba wanda ya kai masu hoton Afirka ta Yamma abin koyarwa. Seydou Keïta na Bamako ya fara da kyamarar Kodak Brownie da kawunsa ya kawo masa daga Senegal a 1935, ya buɗe wurin hotonsa a 1948 a tsakar gidansu. Yawanci da hasken rana yake aiki, kuma saboda tsadar fim sau ɗaya yake ɗaukar mutum, a kan fim mai faɗin santimita 13 da tsawon 18. Labulen bayansa na farko zanen gadonsa ne. Daga baya ya riƙa canza labule bayan 'yan shekaru, har ya zama da labulen yake tuna lokacin da ya ɗauki hoto. Amma abin da ya tara da gaske kayan aro ne: kwat da taye da hula, agogo, alƙalami, tabarau, furen roba, rediyo, keke, babur Vespa, har da motarsa. Saurayin da ba shi da kwat ya sa na Keïta, ya soke alƙalami a aljihu. Mace ta jingina da rediyo, ta baje hannunta a ga zobba. Keïta ya gane cewa mutum yana zuwa wurin mai hoto da wanda yake da kuma wanda yake fatan zama, kuma duka biyun gaskiya ne. Waɗannan hotuna yanzu suna manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya.

Richard Avedon na Amurka ya bi ta wata hanyar dabam. Daga 1979 zuwa 1984 ya zaga yammacin ƙasar yana ɗaukar masu haƙar ma'adinai da mahauta da direbobi da marasa aikin yi, mutum 752. Abin da yake ɗauka naɗin farar takarda ne, ya manna ta a bango ko jikin mota a ɓangaren inuwa, ya tsayar da mutum a gabanta. Ba kujera, ba kayan aro. Kyamararsa babba ce mai ƙafa uku, shi kuma yana tsayawa a gefenta yana kallon mutumin ido da ido. Ɗaya ya ƙara kaya, ɗaya ya kwashe, amma kowannensu ya yanke shawarar abin da zai tsaya a bayan mutum tun kafin ya bar gida. Mai hoto na yau ba ya iya ɗaukar Vespa a jaka, amma yadi uku na kyalle mara ado, toka ko ruwan ƙasa, da 'yan maƙalai da salatif, sun isa su rufe bangon da fenti ya ɓare ko igiyar shanya.

Aljihun gefe kuma na ƙananan abubuwa ne: madubi, don mutum ya duba zaman hularsa da kansa ya yarda da ita, hoda da tsumma mai tsabta saboda gumi da maiƙon goshi, fil da allura da zare don ɗankwalin da ya ƙi zama ko maɓallin da ya tsinke, ruwan sha, alewa saboda yara. Namiji mai hoto ba ya kai hannu ya gyara wa mace mayafi, sai ya miƙa madubin da fil ɗin ga ƙawarta ko ƙanwarta ya ce, "Don Allah a gyara mata ta hagu."

Batir da kati ba a yi musu rowa. Kyamarorin zamani marasa madubin ciki sun fi na da cin batir, a inda wuta ba ta da tabbas kuma ba a dogara da cewa za a yi caji a can. A cika su tun dare, a ware aljihun cikakku da na waɗanda suka ƙare. Mai tafiya a jirgin sama ya sani cewa batiran da ba sa cikin kyamara a jakar hannu ake riƙe su, dokar jiragen sama ba ta yarda a sa su a kayan da ake aunawa ba. Kada kuma a bar jaka a but ɗin mota da rana, zafi yana cin batir yana kuma gajiyar da kyamara.

Ƙura ce babbar abokiyar gaba a ƙasarmu, musamman da hunturu. Duk lokacin da aka cire gilashi, cikin kyamara a buɗe yake, ƙurar da ta sauka a farantin da ke karɓar haske kuma za ta fito a matsayin ɗigo a wuri ɗaya a kowane hoto, ta fi bayyana a sararin sama da farin bango. Wannan wani dalili ne na riƙe kyamara biyu, kowace da gilashinta, ba sai an buɗe ba. In ya zama dole, a shiga ɗaki ko mota, a kashe kyamarar, a kifa bakinta ƙasa. A jaka akwai 'yar robar hura iska da buroshi mai laushi da kyallen goge gilashi, kuma a jere ake amfani da su: a hure, a kaɗe, sannan a goge. Wanda ya fara da gogewa, ko ya sa bakin rigarsa, yashi yake gurzawa a kan gilashin. Da damina kuma danshi ne matsalar, yana sa gilashi ya yi fumfuna daga ciki, shi ya sa ake jefa ƙananan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi.

Abu na ƙarshe da nake so kowane mai hoto ya sa a jaka shi ne ɗan littafi da biro. McCurry bai rubuta sunan yarinyar nan 'yar Afganistan ba. Hotonta ya fito a bangon mujallar National Geographic a watan Yuni na 1985, duniya ta san fuskarta, amma sai a 2002 aka gano ta aka san sunanta Sharbat Gula, kuma a duk tsawon shekarun ba ta san inda hotonta ya kai ba. Mafi yawan mutanen da ke hotunan Keïta ma ba a san sunayensu ba a yau. Shi kansa, da aka fara nuna hotunansa a New York a 1991, an rubuta cewa ba a san wanda ya ɗauke su ba, sai da aka bi sawu har Bamako, inda abokin sana'arsa Malick Sidibé ya gane aikinsa. A littafin ake rubuta sunan mutum da garinsu da ranar da aka ɗauka, da adadin hotunan da aka yi alkawari da ranar kawo su. A nan kuma ake rubuta amsar tambayar da yanzu ta zama wajibi: an yarda a sa hoton a Instagram ko Facebook, ko na gida ne kawai? A hoton biki ba amarya kaɗai ake tambaya ba, a ji ta bakin ango da iyaye, kuma in an ce a'a a rubuta a'a a gaban mai maganar, a nuna masa.